Na Ajiye Shebur, Yaya Zinnur

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, takwas ga watan Afrilu, Allah ya karɓi ran maƙwabcina Yaya Zinnur Gilmanov a gidansa da ke ƙauyenmu na bakin kogin Kama, yana da shekara saba'in da tara. An yi jana'izarsa bayan azahar. Ƙasa ba ta gama sakin ƙanƙara ba, sai da maza suka hura wuta a wurin kafin a iya haƙa kabarin. Ni ce Raushaniya, wadda shinge ɗaya ya raba lambunta da nasa shekara talatin da ɗaya.

Yaya, kowa a ƙauyen nan ya ci alherinka. Babu tuffar da ke bayan gidajenmu wadda ba hannunka ne ya yi mata auren reshe ba. Shekarar da maigidana ya rasu, kai ka tone mini dankali, ka zuba shi a ɗakin ajiya na ƙarƙashin ƙasa, ka tafi ko shayi ba ka tsaya sha ba, don kada in yi maka godiya. Amma abin da za a fi tuna ka da shi shi ne rigimarka da sanyi.

Da ka bar aikin jirgin ƙasa, ka dawo daga gabas mai nisa da 'ya'yan itacen magnoliya cike da kwalin ashana. Gari ya yi ta dariya. A inda tofin yawu ke daskarewa kafin ya kai ƙasa, wa zai shuka itacen furen da sai a hoto muke gani? Ka wanke jan naman da ke jikin irin, ka binne shi cikin yashi mai laima a ɗakin ƙasa, ka ce ba ya farkawa sai hunturu ya gama dukansa. Kowace shekara ka shuka ɗari, ka bar su tsirara, ba ciyawa, ba buhu. Ƙanƙara na narkewa sai a ga baƙaƙen tsinkaye a jere. Na taɓa ce maka ba ka da imani.

Ka ce, "Ƙanwata, wanda zai mutu ya mutu a hannuna. Kada ya je ya mutu a lambun wata tsohuwa da ta sa masa rai."

Guda ɗaya ya tsira da ransa, wanda ke jikin shingena. Ni kuwa zuciyata ba ta iya kallon abu yana rawar ɗari. Duk safiyar da na share dusar ƙanƙara daga ƙofata, sai in cilla shebur uku ko huɗu ta kan shinge, daidai gindinsa. Mu duka mun san dusar ƙanƙara bargo ce ga saiwa. Kai kana cewa iska ce ke tara ta a nan, ni ina cewa lallai iskar nan tana da kirki. Haka muka yi shekara goma sha ɗaya.

Bara ya yi fure fari tas, har daga ƙauyukan tsallake aka zo kallo. Da kaka ya ba da 'ya'ya. Na shigo na same ka kana rarraba su cikin ƙananan gwangwanaye, kana rubutu a jikin kowanne da hannunka: ya jure sanyinmu ba tare da rufi ba. Mutum arba'in da wani abu ke jiran irin, wasu har daga arewa da mu. Aikinka na shekara ashirin da uku ke nan a kan tebur, ni kaɗai na san rubutun ba gaskiya ba ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na faɗa maka.

Kwana uku ba ka leƙo ta shinge ba. Ban taɓa jin kunya irin ta kwanakin nan ba, domin garin neman gira na kusa tsone maka ido. A rana ta huɗu ka shigo da kwalbar zuma, ka zauna, ka ce in dafa shayi da madara.

"To, Malama Iska," in ji ka, "shekara goma sha ɗaya ina yabonki a bayan idonki, ashe da ɗankwali kike yawo."

Na ce, "Yaya, ka yafe mini."

"Na yafe tun shekaranjiya, yunwar shayinki ce ta kawo ni. Amma bana ki riƙe sheburki. Gwangwani ko ɗaya ba zai fita daga gidana ba sai itacen ya tsaya da ƙafarsa."

Sai Allah ya kawo hunturun da ba mu ga irinsa ba tun muna matasa. Dusar ƙanƙara ta yi rowa, sanyi kuwa ya sauka har digiri talatin da tara ƙasa da sifiri, ya zauna kwana shida. Ina tsaye ta taga ina kallon gindin itacen a fili, shebur yana jingine a bayan ƙofa. Sau biyu na ɗauka, sau biyu na mayar. A watan Janairu ciwon ƙirji ya kwantar da kai. Matarka, Yaya Minzifa, ta juyar da gadonka wajen taga. Duk zuwan da na yi dubiya, tambayarka ɗaya ce, ko na taɓa itacen. Na roƙe ka in kankare ɓawon mu gani ko akwai rai, ka hana. Ka ce itacen da sanyi ya kashe yana iya yin ƙaryar kore har sai kogi ya fasa ƙanƙararsa, kuma an yi maka ƙarya ɗaya a kansa, ta isa. Da dariya ka faɗa, amma ta shige ni.

Kogi ya fashe kwana tara bayan mun rufe ka. Na ƙara kwana biyu saboda tsoro. Jiya da safe na kama hannun Yaya Minzifa muka je. Rassa biyu na can sama sun ƙone, sun yi baƙi. Na sa farce a jikin gangar itacen na kankare kaɗan. Kore ne shar, Yaya, da ruwansa. Toho ya kumbura a kowane reshe na ƙasa. Ban zuba masa dusar ƙanƙara ko tafin hannu ɗaya ba, wallahi ban zuba ba. Rubutunka gaskiya ne, ba sai an goge ko harafi ɗaya ba. Yaya Minzifa ta durƙusa a cikin taɓo tana kuka tana dariya, tana cewa, "Tsohon nan mai taurin kai, kwana goma sha ɗaya kacal ya kasa jira."

Gobe 'yarka Alsu za ta fara kai gwangwanayen gidan waya.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Zinnur, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa, ka sa duk inuwar da wani zai sha a ƙarƙashin abin da ya shuka ta zama sadaka mai gudana gare shi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Yaya Minzifa, da Alsu da 'ya'yanta, da dukan mutanen ƙauyenmu. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa, ya kyautata namu ƙarshen, ya haɗa mu da shi a Aljanna Firdausi. Amin.