Takalman Kawu

Jiya na ga takalman fata masu faci irin na Kawu a Hanwa, sai ya faɗo mini a rai.

Tsohon ɗan jarida ne. Ya saje da wata ƙungiya a Sabon Gari mai zuga matasa su kori baƙi, yana tona asirinta a ɓoye. Ya sauya suna da sutura, bai sauya takalmi ba.

Wata rana na kai masa abinci gidansa a Samaru, wani mutum ya yi sallama. Bai shigo ba, ya tsaya yana kallon takalman a bakin ƙofa.

"Baiwar Allah, ki gaishe da mai su. Mun gane gidan."

Kawu ya ajiye cokali. "Kada ki ƙara zuwa nan."

Kwana kaɗan bayan nan Kawu ya ɓace. Takalmansa kaɗai aka tsinta daga baya. Allah ya haskaka kabarinsa, duk inda yake.