Muryar Mai Awara a Wayar 'Yan Makaranta

Inna, yau kwana hamsin da rasuwarki. Ni da nake gyaran wayoyin mutane a bakin tasha, ban taɓa ɗaukar muryarki ba, ko ta minti ɗaya. Kullum ina cewa sai gobe.

Bari in ba ki labari, jama'a ma su ji.

Wata rana, makon jiya, 'yan mata uku 'yan sakandare suka shigo rumfata da waya ɗaya tal, gilashinta duk a tsage. Aikin Turanci ne, mako mai zuwa za su nuna a aji. Tun farkon zango malamarsu ta ce su yi hira da wani da suke gani kullum amma ba su taɓa tambayar sunansa ba.

Manhaja huɗu suke haɗawa. Ta ɗaukar murya, ta zanen hoto, ta rubuta fassara, sai ta huɗun da za ta ɗinke su su zama bidiyo.

Ta huɗun ce ta ƙi sauka. Waya ta cika.

Doguwar cikinsu ta ce, "Yaya, goge hirar Hausar kawai. Ai mun fassara, mun karanta da bakinmu."

Har na ɗora yatsa. Amma maigidan da ya koya mini aiki ya sha faɗa, kada ka goge abin da ba ka buɗe ba.

Na danna.

"Ku 'yan boko, in za ku sa ni a waya, ku ce yajina ya fi na kowa! Ɗana ma mai gyaran waya ne, amma tawa har yau da roba na ɗaure ta."

Sai dariyar nan taki, wadda take ƙarewa da tari.

Na ce, "Wace ce wannan?"

"Inna Tasalla, mai awarar ƙofar makarantarmu. Ta daina zuwa."

"Mahaifiyata ce. Ni ne ɗan."

Da na gaya musu kin rasu, suka yi salati, doguwar ta sa hijabi a fuska. Can sai ƙaramar ta ce a hankali, "To Yaya, don Allah me ya hana ka gyara mata wayar?"

Wallahi Inna, dariya muka yi har da hawaye.

Na kwashe hotunan bikin yayar mai wayar zuwa memori, wuri ya samu. Suka cire muryarsu suka mayar da taki, Turancin yana tafiya a ƙasa layi-layi. Ni karatuna a aji uku ya tsaya, amma sun nuna mini inda aka rubuta sunanki.

Jiya suka dawo da gudu. Wai aji ya yi ta tafi, malama ta sa kowa ya yi miki addu'a.

Darasi: Kada ka goge abin da ba ka saurara ba. In iyayenka na raye, yau ka zaunar da su ka ɗauki muryarsu, ko tsiya ce suke maka.

Ku tura wa wanda tsohuwarsa ke gida.

Sun tura mini hirar taki, Inna, minti goma sha ɗaya ce. 'Yan gidanmu ba sa hawa shafin nan. Ranar Juma'a zan kai wa Baba in Allah ya so, amma har yanzu ban gaya wa kowa a cikinsu ba.