Gangar Mijin Gwaggo

Mijin gwaggona makaɗin noma ne a Sandamu. Ban taɓa ganinsa rataye da ganga ba, don na tashi ya riga ya tsufa, amma duk wanda ya yi gayya a zamaninsa yana ba da labarinsa. Bayan rasuwarsa, abin da ya rage na kiɗansa kaset ɗaya ne da wani ya ɗauka da rikoda a bakin gona. Gwaggo ta naɗe shi a tsumma ta ajiye a ƙasan akwati, ba ta da abin kunna shi.

Wata rana na je gaishe ta, sai ta miƙo mini. Ta ce ta ji ana juye irin waɗannan a kwamfuta, ni kuma ina da ita ta aikin makaranta. Na kai shi Katsina aka juye. Wajen fito da shi daga rikoda zaren ya tsinke ya cukurkuɗe, tsufa ya riga ya cinye shi. Ban damu sosai ba, tunda kiɗan ya shiga kwamfuta.

Na koma Sandamu na kunna mata a tsakar gida. Muryar ta fito siririya kamar daga cikin rijiya, kiɗan kuwa sai ka ce yara na buga gwangwani. Gwaggo ta kasa kunne, ta ƙara matsowa, sannan ta ɗago.

"Ɗan nan, ina gangar?"

Ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "To, Allah Ya sa haka ne mafi alheri," ta tashi ta shiga ɗaki. Da ma faɗan ta yi, da ya fi mini sauƙi. Na hau babur na dawo Daura da tunani ɗaya: idan wajen juyewar gangar ta salwanta, shi ke nan, babu inda za a sake samo ta.

Wani abokin aikina ne ya ce kada in yanke ƙauna tukuna, lasifikar cikin kwamfuta ba ta iya fitar da sauti mai kauri. Ya ce in nemi ta tebur, mai amfani da wutar kanta. Albashin malamin makaranta ba ya ɗaukar manya, don haka na saɓi kwamfutar na nufi wani shagon kayan wuta kusa da kasuwa, da niyyar ba zan sayi komai ba sai kunnena ya ji.

Mai shagon ya fara sauko mini da wata mai fitilu kala-kala. "Malam, wannan ita samari ke yayi." Muka jona. Ƙara kam akwai, har gilashin kanta yana rawa, amma komai ya dagule, ba ka bambance murya da kiɗa. Muka gwada wasu ƙanana masu jan wuta daga jikin kwamfuta. Muryar ta fito tas, gangar dai shiru.

Can saman kanta na hango wasu guda biyu na katako, ƙura ta rufe su, gefen ɗaya ya ɗan ɓare. Mai shagon ya ce na hannu ne, ba mai tambayarsu don ba su da ado. Ya goge su da hannun riga, ya jona a bango, ya murɗa wani maɓalli a baya.

Kafin kunnena ya ji, ƙirjina ya ji. Dim, dim, a hankali, kamar takun mutum mai nauyi, muryar tsohon tana tafiya a kai. Wani dattijo da ya shigo sayen batirin tocila ya tsaya cak, ya fara kaɗa kafaɗa.

"Kai! Wannan ai gangar noma ce. A ina kuka samo ta?"

Sai na zauna a kan benci ina ta hamdala. Ban ko iya dogon ciniki ba. Mai shagon ya yi mini sauƙi, ya ɗaure su a kwali.

Ranar Juma'a na ɗauko Gwaggo zuwa gidana. Muka zauna jiran wuta har bayan la'asar. Da aka kawo, na kunna. Ta dafa tebur da tafin hannu, ta rufe ido. Ba ta yi kuka ba, sai leɓenta da ke bin waƙar. Can tsakiya wata guɗa ta tashi daga nesa, doguwa, mai kaifi. Gwaggo ta buɗe ido ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya.

"Ni ce fa wannan. Fura na kai musu gona ranar. Mayar da shi baya in ji."

Na mayar. Ta kira matata daga madafa ta zo ta saurara, har miyar da ke kan wuta ta kusa ƙonewa.