Wayar da Aka Zare, Laifin da Ka Ɗauka

Ranar Talata, tara ga watan nan, ina shirin shiga karanta labaran rana direban gidan rediyonmu ya tare ni a bakin ƙofa, ya ce Allah Ya karɓi abinSa, Mai Kunne ya rasu da safe. Na ce daga gare Shi muke. Na shiga na karanta labaran, ban san abin da na karanta ba.

Yaya, kai ne injiniyan da ya fara ɗaukar muryata. Ranar ka leƙo ta gilashi ka ce in sha ruwa, makirfo ba ya cizo. Mun sa maka Mai Kunne ne domin kana jin abin da ba mu ji. Sai ka tsayar da shiri a tsakiya, ka ce wata na'ura ta saki layi, a duba, a tarar haka ne.

Ban manta yadda ka yi mini bayanin aikinka ba. Ka ce na'urar da ke mayar da murya lambobi ɗiban muryar take yi, sau dubu arba'in da takwas a daƙiƙa. In na'urorin biyu ne, dole ɗaya ta riƙe agogo, ɗayar ta bi ta ta waya. In kowacce ta bi nata agogon, sai muryoyi su riƙa zamewa, ƙas-ƙas ta cika aikin. Ka rufe da cewa, "Ƙanwata, ko na'ura ba ta son shugaba biyu."

Da mahaifiyata ta kwanta ciwo, ka ɗauko kayanka ka zo har gida, ka zauna a ƙasa kana ɗaukar hirarta. Yau 'ya'yana sun san muryar kakarsu saboda kai.

Sai ranar da wani tsohon mawaƙi ya yarda a ɗauki waƙoƙinsa, bayan an daɗe ana roƙo. Ya zo da makaɗansa duka, makirfo ya yi yawa, ka haɗa na'urori biyu, ka gwada su tun jajibere. Da aka zo saurare, kiɗa ya rabu da murya, ƙas-ƙas daga farko har ƙarshe. Kafin a sake kiransa, tsohon ya rasu.

A taron da aka kira, na miƙe na ce hannunka ba zai yi wannan ba, a bincika. Ka sunkuyar da kai ka ce, "Ni ne mai ɗakin ɗaukar muryar, laifina ne." Ka bar ni tsaye, kowa yana kallona. Aka ce kunnenka ya tsufa, aka sallame ka. Amininka, wanda kuka fara aiki tare, kuke cin abinci a kwano ɗaya, shi aka ba kujerarka. Yana zaune a taron, bai buɗe baki ba.

Da na je gaisuwar rasuwarka, matarka ta ja ni ɗaki. Ta ce tun ranar ɗaukar waƙoƙin ka san abin da ya faru. Amininka ne ya shiga da sassafe ya zare wayar agogon, ya kai wani ɗakin da yake da aiki, ya mayar da na'ura ta biyu kan nata agogon don kada ta kunna jar fitilar gargaɗi. Da aka watse ya dawo da wayar, ya zo gidanka yana kuka, ya ce in aka kore shi iyalinsa sun shiga uku. Ka rufa masa asiri. Ta ce, "Tun da aka ba shi kujerar, bai sake tako gidan nan ba. Ko da ciwo ya kwantar da maigidana, sau ɗaya bai leƙo ba."

Shi ne kuma ya shiga rediyo daren rasuwarka, ya ce ya yi rashin ɗan'uwa. Na kashe rediyon.

Yaya, har da kai nake fushi. Ka zaɓe shi, ka bar mu da muka yarda da kai. Ka bari ana nuna ka a titi ana cewa ga wanda ya ɓata waƙoƙin tsoho. Na san abin da za ka ce, za ka yi murmushi ka ce in bar shi. Ban iya ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka, Ya haskaka makwancinka, Ya sa rufin asirin da ka yi ya zame maka sutura ranar da ba a ɓoye komai. Ga matarka, da 'ya'yanka, da ƙannenka, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya tsaya muku. Ku ɗaga kai, mahaifinku bai ɓata aikin kowa ba.

Shi kuwa amininka, ina roƙon Allah Ya ba ni zuciyar da zan yi masa addu'a. Har yau bai ba ni ba.