Jan Farcen Usta Shahata

Shekara talatin da ɗaya Usta Shahata ya yi a ɗakin makamai na ofishin 'yan sandan garinsu, can bakin Nilu, bai taɓa auna ko kare da bindiga ba. Shi gyara ne nasa. Gajere ne, mafaɗaci, hannunsa kullum warin mai, har matarsa Sakina ta ware masa tawul nasa shi kaɗai.

Yana da wata al'ada da kurata ke yi wa dariya. Duk bindigar da aka kawo sabuwa, sai ya sa mata harsashi marar kai, ya ɗaga ta daidai ƙugu, ya sake ta a kan siminti. Ya san mutanensa ne. Da an kira azahar kowa zai kwance ɗamara har da bindigar ya rataye a ƙusoshin bangon wurin alwala, ƙusoshin nan kuwa sun girmi rabin masu ratayewar.

Shekarar da ɗansa Ramzi ya shiga makarantar 'yan sanda aka kawo ƙananan bindigogi sittin, sai sheƙi suke. Ya yar da su ɗaya bayan ɗaya. Tara suka tashi da kansu, ba wanda ya taɓa kunama. Ya ɗauko jan farcen Sakina ya ɗiga wa kowacce cikin taran a gindin mariƙi, ya rubuta takarda ya hau bene. Burinsa bai wuce a kwashe su kafin Ramzi ya fito ba.

"Usta, bindiga ta riƙewa ce ko ta jifa?" in ji shugaban ofishin, yana juya cokali a shayi.

"Takan faɗi, Basha. Ka leƙa wurin alwala."

"Waɗanda suka ƙera ta sun fi ka karatu. Mutum sittin, bindiga sittin. Raba musu."

Ya raba, yana bin masu jan ɗigo da gargaɗi kamar uwar marayu. Takarda uku ya rubuta. Ta ukun da idonsa ya gan ta, magatakarda ya naɗe ƙosansa a ciki.

Wata Talata ƙusa ta saki ɗamarar Kofur Gabir, uban 'ya'ya huɗu, yana tsugune yana wanke ƙafa. Bindigarsa mai jan ɗigo ta tashi, a cinya ta same shi. Ko asibiti bai kai ba.

Aka rubuta cewa sakacin mamaci ne, aka miƙo wa Shahata biro.

"Ba zan yi wa gawa ƙarya ba, Basha," ya ce.

Kafin wata ya ƙare an yi masa ritaya, da agogon bango da musafaha. Takaici ya ci shi, amma da ya ji an kwashe bindigogin an kai babban birni a duba su, sai ya haɗiye. Ya ce ko ba komai Gabir bai tafi a banza ba.

Ramzi ya gama horo, aka tura shi wata gunduma. Ran Juma'a ya zo gida cikin farin kaki, Sakina na ta guɗa, ta dafa tattabaru. Shahata bai ce masa ka yi kyau ba. Hannu kawai ya miƙa a ba shi bindigar.

"Sabuwa ce fil, Baba," in ji Ramzi yana dariya. "An ce duk an duba su. Kada dai ka jefar mini da ita."

Tsohon ya juya ta, ya kai farce gindin mariƙi ya kankare. An goge wajen, an kuma yi ƙoƙari. Sai dai can cikin tsagar akwai sauran ja, irin na Sakina.

Ladan ya ɗaga murya. Ramzi ya fara kwance ɗamara yana duban bango, yana neman inda zai rataye. Shahata ya shiga ɗaki ya ɗauko filaya, ya bi gidan kaf yana zare ƙusoshi, har wadda ke riƙe da agogon ritayarsa.

Na bangon ofishin Ramzi kuwa, hannun tsohon ba ya kaiwa can.