Yadda Na Sauke Babana Daga Limanci

Ni na sauke babana daga limanci. Mutanen ƙauyenmu, can gefen Kabo, har yau cewa suke yi tsufa ne ya sauke shi. Ƙarya suke yi, kuma sun sani, don da yawansu suna wurin.

Ina aji uku na sakandare a Gwarzo, ina zaune a gidan kawuna, aka kawo mana wani malamin Hausa, siriri, mai son wasan kwaikwayo kamar hauka. Ya fassaro wani tsohon wasa na mutanen ƙetare, irin wanda ba a tashi sai da gawa. Labarin wani dattijo ne mai mulkin gari, ya yi kuskure, kowa ya gaya masa, ya ƙi janyewa har gidansa ya rushe a kansa. Ni aka ba dattijon.

Malamin ba ya barin mutum ya fara hadda sai ya amsa tambayarsa. Ya tsayar da ni a gaban aji.

"Me ya sa dattijon nan ya ƙi jin magana?"

Na ce, "Mugu ne, Malam."

"Mugu! Akuya ma ta san mugu. Me yake tsoro?"

"Ai shi ke da garin, tsoron me zai ji?"

"Zauna, kanka kamar kabewa. Duk wanda ka ga ya kafe haka, akwai abin da ba ya so a gani. In an yi hutu ka nemo mai irin ciwonsa, mai rai, ka zuba masa ido. Kada ka kawo mini suna, cikinsa nake so."

Da na koma gida hutu, ban sha wahalar nema ba. Babana ya fi shekara ashirin yana jan salla a masallacin unguwarmu, kuma a lokacin haddarsa ta fara zubewa. Sai ya tsallake aya a magariba. Na'ibinsa, wani matashi da ya dawo daga karatu a Kano, ya gyara masa daga sahun farko, kamar yadda ake yi wa kowane liman. Baba ba ya karɓa. Sai ya yi gyaran murya sau biyu, ya wuce abinsa da ƙarfi. In an sallame ya juyo, ya shafa gemu da bayan hannu, ya kalli saman kawunan mutane, ya ce, "To, madalla da masu ilimi." Kowa ya sunkuyar da kai. Duk unguwa an sani, amma kunya ta hana a furta. Wannan kunyar ce kaɗai ta riƙe masa limancin.

Wata rana da hantsi na zagaya bayan rumbu, na hango shi a zaune shi kaɗai da Alƙur'ani a cinya. Yatsansa na bin layi ɗaya, yana maimaitawa, yana rufe ido, yana sake buɗewa. Da ya ji motsina sai ya rufe da sauri, ya ja riga ya lulluɓe, ya daka mini tsawa wai me nake nema. A nan na samu amsar Malam.

Da ɗan kirki ne, da tausayi ya kama shi. Ni daɗi na ji. Mutumin nan ya sha zane ni da dorina a ƙofar gida, a gaban jama'a, saboda kuskuren wasali ɗaya a karatun allo. Bai taɓa kirana da wani abu ba sai daƙiƙin boko. Yau ga shi yana laluben aya kamar makaho.

Ranar rufe makaranta aka yi wasan, da rana tsaka, a ƙarƙashin rumfa. Mutanenmu sun cika a-kori-kura guda sun zo, har da na'ibin. Aka ba Baba kujera a gaba, cikin dattawa. Na gan shi sarai kafin in fito. Ina da lokacin fasawa.

Da mai ba dattijon shawara a cikin wasan ya gama magana, na yi gyaran murya sau biyu. Na shafa gemun auduga da bayan hannu, na kalli saman kawunan mutane, na faɗi abin da babu shi a takarda.

"To, madalla da masu ilimi."

Wani a benci na baya ya fashe da dariya, ya toshe baki da hula. Sai ta kama mutanenmu gaba ɗaya. Mutanen Gwarzo na ta waige, ba su san dalili ba. Ban tsaya a nan ba. Inda dattijon ya rage shi kaɗai, na zauna da takarda a cinya, yatsana na bin layi ɗaya, na ji motsi na ja riga na lulluɓe. Nan dariya ta ɗauke. Wannan ba su taɓa gani ba, amma sun gane. Na ga na'ibin ya dubi ladan, ladan ya dubi ƙasa.

Malamin ya rungume ni a bayan rumfa yana cewa, "Ka shiga cikinsa! A ina ka samo shi?" Na ce a kasuwa.

Kafin mako ya zagayo, samari a teburin mai shayi, ko sukari aka ƙara wa mutum sai ya ce madalla da masu ilimi. Abin da aka yi wa dariya a bainar jama'a ba a ƙara jin kunyarsa. Dattawa huɗu suka zo zaure bayan la'asar, suka yi doguwar gaisuwa, suka ce wa Baba ya yi wa addini hidima, lokaci ya yi da zai huta. Bai yi musu gardama ba ko kaɗan.

Bai doke ni ba. Da suka tafi ya sa Inna ta kira ni. Na durƙusa a bakin zaure.

"Dattijon nan naka, yaya ya ƙare? Na fita kafin a gama."

"Kowa nasa ya mutu, Baba. Ya rage shi kaɗai."

"A littafin, an yi masa dariya?"

"A'a. Kuka ake yi masa."

Ya jinjina kai, sannan ya ce, "Ka iya kallon mutum. Ya isa haka. Gobe ka je Gwarzo ka kwaso kayanka, akwai noma."

Karatuna ke nan, aji uku. Shi kuma ya yi shekara tara yana salla a sahun ƙarshe, kusa da takalma, a bayan yaron da yake gyara masa. Kullum in na shiga masallaci sai ya matsa ya bar tazarar mutum ɗaya tsakanina da shi, kuma ba wanda ya taɓa cike ta.