Inna Tukuna Ta Ajiye Makulli

Shekara talatin da huɗu, kullum kafin maigadi ya gama buɗe ƙofar asibitin ta iso. Ta rataye mayafinta a ƙusar bayan ƙofa, ta buɗe tagogin ɗakin haihuwa, ta tafasa almakashi, ta goge ledar gado. Sannan ta ja kujerarta mai ɗingishi ta zauna inda za ta ji duk motsin da ya shigo daga waje. Ungozoma ce, ita kaɗai tilo a ƙaramin asibitin nan mai gado biyu. Sunanta na yanka yana cikin takardun ofis. A unguwa kowa Inna Tukuna yake ce mata.

Bakinta ne ya ja mata sunan. Mace za ta shigo naƙuda ta ci ƙarfinta, uwar miji na biye tana cewa ta yi nishi mana ta huta, ai su ma haka suka yi. Inna sai ta kasa kunne, ta duba ta, ta ce, "Tukuna, 'yata. Hanya ba ta buɗe ba." Takan ce ciwon naƙuda iri biyu ne: akwai mai aiki, wanda ke buɗe hanya, akwai mai kashedi, wanda ke nuna akwai matsala. Mutumin da ya sa mace nishi kafin lokaci kuwa, ƙofar da ke kulle ya sa ta turawa, kafaɗa ce kawai za ta sha wuya. Da kunne take rarrabe ciwon nan biyu. Daga muryar mace ta san ko saura awa biyu ne, ko kuwa a nemo mota yanzu-yanzu a tafi babban asibiti.

Mai sharar asibitin, wadda suka tsufa tare, ba ta gajiya da ba da labarin matar wani direba. Tun asuba ake sa ta nishi a gida, ana danna mata ciki, sai da hantsi ya dubi ludayi aka kawo ta, bakin mahaifa ya kumbura, ƙarfi ya ƙare. Inna ta kwantar da ita ta gefe, ta hana ta yunƙuri, ta miƙa mata hannunta na hagu ta ce duk sanda ciwon ya taso ta matse nan. Awa huɗu cur suna haka. Mijin na ta safa da marwa a baranda, Inna ta leƙo ta tambaye shi ko shi ma a shimfiɗa masa leda ne, tunda guminsa ya fi na mai naƙudar. Da lokaci ya yi ta ce, "Yanzu." Nishi uku yarinya ta faɗo da kukanta. Sai da aka gama komai mai shara ta ga ɗan yatsan Inna ya karye, har yau a karkace yake.

Ke ce mai ba da aron hannu, Inna. Ke ce ba ki taɓa marin mace a kan gadon haihuwa ba, ba ki taɓa yi mata gori ba. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, mu a baki muka san shi, ke kuwa a yatsunki.

To, kunnen nan ne ya fara tafiya. Da farko ta ɗora wa fanka laifi, daga baya ta koma kallon leɓen mutane. Ta san abin da ke tafe. Ta rubuta takarda a turo mata mataimakiya, ta sake rubutawa, shiru kake ji, malam ya ci shirwa. 'Yan mata tara ta koya wa aikin a tsawon shekarun nan, duk wadda hannunta ya faɗa sai ta tafi inda ake da wuta da ruwa. Wallahi ban ga laifinsu ba.

Bara, wata rana bayan azahar, aka kawo matar wani tela, haihuwarta ta biyar. Inna ta duba ta, komai lafiya, ta ce tukuna, ta juya baya tana wanke hannu a famfo. A ɗan tsakanin nan muryar matar ta canza, ciwo mai aiki ya koma mai kashedi. Sautin da a da Inna za ta tsinta tun daga bakin titi, ranar nan taku huɗu ne tsakaninsu ba ta ji ba. Mai shara ce ta shigo ta dafa kafaɗarta. Aka nemo mota, aka ceto uwar da kyar, yaron bai zo da rai ba.

Ba wanda ya zarge ta. Tela da kansa ya zo ya ce kwana ne ya ƙare. Ta bar shi ya gama, ta ce, "Na sani, ɗana. Amma ta kira ni, ban ji ba." Washegari ta rubuta takardar ajiye aiki da hannunta.

Wata uku ta ƙara tana jiran wadda za ta karɓi makulli. Ba a turo kowa ba, sai maigadi ta ba. Yanzu a ɗakin haihuwar ake jibge karyayyun kujeru. Ba a yi mata taro ba, ba a ba ta ko takardar yabo ba, mu kuma da ta yanke wa cibiya muna wucewa ko a jikinmu. Abin kunya ne, kuma namu ne.

Mun gode, Inna. Allah Ya saka miki, Ya ba ki ladan kowane yatsa. 'Yan matanmu masu karatun aikin nan, don Allah ko ɗaya ce ta zo ta zauna kusa da ita tun tana iya faɗa. Iyaye mata kuma, ku daina sa 'ya'yanku nishi a gida, ku kai su inda za a duba.

Ba wuya a same ta. Kullum da safe tana kan bencin da ke gaban ɗakin da aka kulle, saboda har yanzu ana kawo masu naƙuda bisa sabo. Sai ta tashi ta tare su, ta nuna musu hanyar babban asibiti, tafiyar awa biyu. Ta leƙa cikin motar, ta tsura wa leɓen matar ido, ta miƙa mata karkataccen hannun nan ta ce mata tukuna, kada ta yi nishi a hanya. Motar ta tashi, dole matar ta saki hannun.